Furen kariya a kan matashi

Masu rubuta tsarin saƙar kwarashi a intanet yawancinsu mutanen Turai da Amurka ne. Shi ya sa da watan Maris ya kama sai su cika ko'ina da matasan kujera masu furannin ƙasarsu, musamman tulif ɗin nan da Holan ta yi suna da shi. A wurinsu lokacin ne ƙanƙara ke narkewa, ƙasa ta farfaɗo. Masu fassara kan kira wannan lokaci bazara, ni kuwa abin dariya yake ba ni. Bazarar Kano zafi ce mai korar mutum tsakar gida da tabarma, ruwan randa ya koma kamar an ɗora shi a murhu. Tulif ba zai kai azahar ba a nan.

Amma bazararmu ma tana da furenta. Kariya, wadda ake shinge da ita a ƙauye, ta kan zubar da ganye a rani, sannan ta fitar da fure mai kunne biyar, bakinsa ja-ja, cikinsa fari-fari, a kan reshe tsirara. Ruwan jikinta dafi ne, har maharba sun yi amfani da shi a kibiya. Ita na zaɓa na sa a matashin.

Aikina rubuta manhaja ne, don haka ban zauna zanen fure a takarda ba. Na ɗauki hoton kariyar maƙwabta, na rubuta ɗan gajeren shiri da Python wanda ya rage hoton zuwa launi huɗu, ya yanka shi gida-gida kamar filin dara, kowane gida ƙulli ɗaya. Sai dai gidan kwamfuta tsayinsa da faɗinsa ɗaya ne, ƙullin kwarashi kuwa ba haka yake ba. A irin wannan saƙa, zaren da ba a aiki da shi ba a yanke shi. Kwantar da shi ake yi a cikin ƙullin, ya yi ta tafiya a ɓoye har a zo inda ake bukatarsa. Wannan ɓoyayyen zare yana ƙara wa ƙulli tsayi. Da na gwada da kwarashi mai milimita 4, santimita 10 ta ci ƙulli 18 a kwance, layi 16 a tsaye. Wanda bai sa wannan a lissafi ba, furensa zai fito da dogon wuya kamar zalɓe. Matashi mai santimita 40 kowane gefe ya zama ƙulli 72 sau layi 64, wato 4,608.

Abin da ya fi burge ni shi ne canjin launi. Ba a ɗauko sabon zare a gidan da ake son launin ya bayyana. A ƙullin da ya gabace shi ake ɗaukowa, a jan ƙarshe, domin madaukin da ya rage a bakin kwarashi shi ne zai zama kan ƙulli na gaba. Duk mai rubuta manhaja ya san wannan ciwon kai na ƙirga da ke zamewa da ɗaya. Mu da muke fara ƙirga daga sifili kullum muna cikinsa. A jami'a an ba mu labarin masaƙar Jacquard ta Faransa, ta wajen 1804, wadda katuna masu huji ke gaya mata zaren da za ta ɗaga, da yadda Charles Babbage ya ari dabarar don injin lissafinsa. Malamin bai gaya mana cewa har yau babu injin da ke saƙar kwarashi irin ta hannu ba. Ana yin mai kama da ita, amma ita kanta sai yatsu. A shekarun nan da ƙirƙirarriyar basira ke rubuta cikin minti ɗaya abin da kan cinye mini yini, ina yawan tuna wannan.

Umma ce ta koya mini kwarashi ina aji huɗu na firamare. Kusan duk jaririn da aka haifa a layinmu ya sa hula da safar da ta saƙa, kuma ban taɓa ganin ta duba takarda ba. Kallon abu take yi sau ɗaya, ta ƙirga a ranta. Shekara uku ke nan da likita ya ce tana da hawan jinin ido. Maganin ɗigawa yana rage masa gudu, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ganinta ya tsuke daga gefe, ja da ruwan hoda sun zama abu ɗaya a wurinta. Ta tattara kwarasanta a gwangwanin madara ta tura ƙarƙashin gado, ba ta ce wa kowa komai ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Matashi yana da fuska biyu. Bayan launi ɗaya ne, ba ya bukatar ido, ƙirga kawai yake so da hannun da ya saba. Na ajiye mata ƙunshin zaren ulu fari a kan cinya na ce, “Umma, aiki ya yi mini yawa a ofis, ko za ki taimaka mini da bayan? Ƙulli 72 ne.”

Ta juya zaren a hannu ta ce, “Ke dai ba kya rabo da wayo.” Sannan ta ce a miƙo mata gwangwanin.

Sati uku muka yi, bayan isha'i, wani lokaci da fitilar caji. Ni ina fama da zare huɗu da ke harɗewa, ina kallon allon kwamfuta duk bayan ƙulli biyar. Ita fuskarta na kallon bango, tana sauraron rediyo, hannunta na tafiya shi kaɗai. Ta gama nata cikin kwana tara. Sauran kwanakin ta zauna tana warware mini zare, tana shafa aikina da ɗan yatsa tana cewa, “Nan kin ja da ƙarfi. Saki hannunki, ba faɗa ake ba.” Na lura tana gane inda launi ya canja ta hanyar taɓawa, domin wurin ya fi tauri kaɗan. Da haka ta bi gefen furen har ta ƙirga kunnuwansa.

“Biyar. Kariya ce wannan?”

Na ce ita ce. Ta ce a garinsu ba a barin yara su taɓa ta.

Da muka zo haɗawa, nata ya fi nawa faɗi da kusan yatsa biyu, don hannunta a sake yake, nawa kuma zaren ciki ya matse shi. Ita ta haɗa gefunan, tana cinye rarar a hankali, ƙulli biyu a ɗaya nan da can, yadda ba mai ganewa. Na cusa auduga, ta rufe bakin.

Matashin yana kan kujerarta, kuma fuskar fara take juyowa waje. Jiya ta aiki ƙanena kasuwa ya sayo zare ƙunshi shida, duk launi ɗaya. Matarsa za ta haihu a watan Yuli.