Wasiƙa Zuwa Ajingi: Kada Ka Yanke Wayar Ƙararrawar Nan

Gaya,
Jihar Kano.

Aminina,

Ya ruwa, ya fito? Mu nan Gaya sai godiya, damina ta zauna, gero ya fara fitar da kai.

Ƙaninka ya biyo ta shago ranar kasuwa, ya ba ni labarin na'urar auna zurfin ruwa da ɗanka ya aiko maka daga Legas, wadda ka ɗaura wa jirgi. Ya ce ƙararrawarta ta hana ku sakat, lambar da ke fuskarta tana ƙyaftawa, in an ba inji wuta kuma ta ɓace ɗungum. Duk wannan bai tayar mini da hankali ba. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne da ya ce ka yi niyyar sa almakashi ka datse wayar ƙararrawar ku huta. Don Allah ka dakata.

Aikin na'urar ba shi da wani sirri. Ɗan baƙin abin nan da ke cikin ruwa a bayan jirgi, wanda muke ce wa sansa, sauti yake aikawa ƙasa ya jira ya dawo, kamar yadda yaro kan leƙa rijiya ya yi kira ya ji amsa. Sauti a ruwa yana cin kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya. In zurfin mita 3 ne, zuwa da dawowa mita 6 ke nan, lokacin bai wuce kashi 4 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Wannan ɗan lokacin na'urar ke lissafawa ta rubuta maka lamba. Amsar da ke dawowa kuwa raunanniya ce ƙwarai, abu kaɗan ke ɓata ta, kuma galibi ɓarnar a waya take, ba a cikin akwatin ba.

Amma kafin waya, ka shiga saitinta. Irin waɗannan na hannu ne, daga jiragen teku ake ciro su, kuma suna zuwa da saitin mai su na farko. Mutumin da ke yawo a teku yana iya cewa ta yi masa kuka in zurfi ya gaza mita 5. To kai ina za ka ga mita 5 a mashigarku, in ba kogi ya yi cikar gaske ba? Ka ga ke nan ba lalacewa ta yi ba, abin da aka umarce ta take yi. Ka sauko da ita zuwa abin da jirginka ke buƙata in ya yi lodi, ka ƙara ɗan rata saboda farfela. Ka duba ma'aunin ma, ƙafa take ƙirgawa ko mita, don ƙafa 3 ba ta kai mita ɗaya ba. Da yawansu suna da ƙararrawa fiye da guda: ta tudu, ta zurfi, ta kifi, da ta raunin batir. Ta kifi ka kashe ta, surutu ce kawai. Ta tudu ka bar ta.

Sai batir. Na'urar bolt 12 take ci. Batir cikakke yakan nuna wajen 12.6 a mitar auna wuta, in ya sauko ƙasa da 12 ya gaji. Ka ari mita wurin mai gyaran sola na garinku, amma kada a tsaya a kan batir kawai. A auna a bayan na'urar, tana kunne. In kan batir ya nuna 12.5, bayan na'urar ya nuna 11, wuta tana zubewa a hanya. Nan za ka bi jar waya da baƙa da hannunka, taƙi bayan taƙi. Duk inda aka murɗa waya biyu aka naɗe da tef, ka kwance. Na san abin da za ka tarar: tagullar ta yi kore-kore, ko ta yi baƙi, in ka lanƙwasa ta ta riƙa karyewa sili-sili. Irin wannan ba a kankare ta a mayar, yankewa ake yi har a kai inda jan ƙarfen ke ƙyalli, a liƙe da dalma, a rufe yadda ruwa ba zai shiga ba. Gidan fiyus ma yakan yi tsatsa. Kuma in fiyus ya ƙone, a sa irinsa. Masu cusa guntuwar waya a madadinsa su ne ke ƙona na'ura, wani lokaci har da jirgin, tunda jarkar fetur na nan kusa.

Wayar sansa ita ce 'yar lele, ita nake so ka fi lallaɓawa. Tana da rigar ƙarfe a ciki mai kare ta daga hayaniyar wutar inji. Da ka ce lamba tana ɓacewa in an ba inji wuta, abu biyu na zarga. Na farko, an haɗa ta dami ɗaya da wayoyin inji, kusa da wayar fulogi. Ka raba su, ita ta bi gefe guda, su su bi ɗaya gefen. In ta yi tsawo kada ka rage ta, ka naɗe ragowar ka ɗaure nesa da inji. Ka duba ko ɓera ya taɓa ta, ko gefen katako ya goge ta, ko an taɓa danne ta da buhun hatsi. Ka zare kanta daga bayan akwatin ka leƙa 'yan alluran ciki. In da laima ko datti, tsohon buroshin haƙori da ɗan sifirit sun isa, a bari ya bushe kafin a mayar.

Na biyu, kumfa. Sautin nan ba ya ratsa iska, kuma jirgi in ya ɗauki gudu kumfa ke bin ƙarƙashinsa. In sansar tana dab da farfela, ko ta ɗago sama da gindin jirgi, ko ta karkace, dole ta makance. Kuma jirgin katako ba a manna masa ita daga ciki, sai ta taɓa ruwa, fuskarta na kallon ƙasa sosai. Ka shafa fuskar da hannu, gansakuka da laka sukan rufe ta.

Ga gwajin da zai raba gardama. Ka kwance sansar, ka kunna na'urar na ɗan lokaci, ka kara ta a kunne. Mai rai za ka ji tana ƙas-ƙas-ƙas a hankali. Sannan ka ɗaura ta a sanda, ka kashe inji, ka zura ta gefen jirgi a wuri mai ɗan zurfi, ka nitsa gorarka a wurin ka gwada. In sun yi daidai, na'urarka lafiya lau, wurin ɗaurawa ne ko hanyar waya. In shiru ne duk da wuta na isa, sansar ta mutu. Kada ka sayi sabuwa da ka, ka karanta lambar da ke jikinta, yawanci kilohaz 200 ce, wasu 50, kuma sai kan wayar ya dace.

Akwai kuma abin da ba gyara yake so ba. Wani tsallen da lamba ke yi gaskiya ce tsagwaronta. Kogin nan namu, tun daga inda ruwan Kano da na Challawa suka haɗu, ya biyo ta Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja, gindinsa yashi ne mai tafiya. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, hawa da saukar ruwa ba ga sama kaɗai suka dogara ba, har da abin da aka sako daga can. Ga masu haƙar yashi suna barin ramuka. Inda ka wuce lafiya bara, bana tudu ne. A ruwa mai ƙarancin zurfi sosai kuma na'urar takan rikice, har ta ninka lambar. Kuma ƙarƙashinta kawai take gani, ba ta ganin gaba. Kafin ta yi kuka, goshin jirgi ya riga ya wuce wurin. Saboda haka kada yaronka ya ajiye gora don an sami inji mai lamba.

Ba na mantawa da abin da ya faru a Bagwai ranar 30 ga Nuwamba, 2021, lokacin da jirgi ya kife a dam ɗin Watari da mutanen da suka taso daga Badau, yawancinsu 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, kuma lodi fiye da kima aka ambata. Allah Ya jiƙansu. Babu na'urar da ke auna wannan, sai idon mai jirgi da tsoron Allah. In kuɗi ya shigo, rigunan ceto nake so ka fara saya kafin sabuwar sansa.

Ka yi waɗannan gwaje-gwajen ka aiko mini da abin da ka gani. In ta ƙi, kada ka bari kowa ya buɗe akwatin. Ka ba ƙaninka ita da wayoyinta duka ya kawo mini, ko in hau babur in zo ranar Juma'a bayan an sauko, mu duba ta a bakin ruwa. Ka gaishe mini da Inna da Sarkin Ruwa da duk mutanen mashiga.

Wassalam.

Naka amini,
daga Gaya.