Daga Unguwa Uku Zuwa Kwangila Tare Da Gwaggona

Wannan karon ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, labarin hanya ne, hanyar Kano zuwa Zariya, wadda da yawanmu mun sha bi amma ba mu taɓa tsayawa mun tambayi tarihinta ba. Ni ma ban taɓa damuwa ba, sai ranar da bikin 'yar uwa ya haɗa ni tafiya da Gwaggo, yayar mahaifina.

Tun da sassafe muka isa tashar Unguwa Uku, aka cusa mu a bayan mota mu huɗu, ga ƙullin kayan gara a kan cinyata. Muna fita Gwaggo ta fara jan carbi, ni kuwa ina ta kallon gari. Mun wuce Na'ibawa ke nan, wajen 'yan lemo da 'yan katako, sai ta taɓo ni ta ce, "Ke 'yar nan, kin ga nan? Lokacin da aka kai ni Zariya ina amarya, daga nan gari ya ƙare, sai gonakin dawa da gero har inda ido ya tsaya."

Na dubi wajen, babu ko kara ɗaya, sai benaye da gidajen mai da shaguna. Ai dole, domin ƙaramar hukumar Kumbotso kaɗai, wadda Na'ibawa ke cikinta, ƙidayar 2006 ta ba ta kusan mutum dubu 300, balle yanzu. Ga hanyoyin kewaye gari guda biyu sun ɓalle daga nan, ta gabas da ta yamma, ga rukunin gidajen Kwankwasiyya da aka gina tsakanin 2011 da 2015, ga babbar kasuwar Dangwauro. Gari dai ya bi titi kamar yadda ɗan akuya ke bin uwarsa.

Gwaggo ta ce a zamanin aurenta hanyar ƙwaya ɗaya ce siririya, mai zuwa da mai dawowa duk a kanta, in babbar mota ta taho sai direba ya gangara gefe kowa na salati. Kafin motoci su yawaita ma, ta ce iyayensu jirgin ƙasa suka sani, wanda ya iso Kano tun 1911, kakanni kuwa fatake ne da jakuna, sai an kwana an tashi a hanya. A mulkin Janar Ibrahim Babangida ne aka mayar da ita tagwaye. Har akwai shingen biyan kuɗin hanya a da, kafin Shugaba Obasanjo ya sa a rushe irinsu a ƙarshen 2003.

Muna daf da gadar Tamburawa sai na ga ta yi shiru, ta ƙura wa wani gidan mai ido har muka wuce tana waiwaye. Na ce, "Gwaggo lafiya?" Ta nisa ta ce, "Gonata ce wannan."

Gabana ya faɗi, domin ban taɓa jin zancen ba. Ashe gadonta ne na wajen kakanmu. Da auren babbar 'yarta ya tashi, mijinta ba shi da hali, ita kuma ta rantse ba za a yi wa 'yarta gori a gidan miji ba. Sai ta sayar da gonar, ta sayi gado da kujeru da kwanukan jere da kabet, aka yi biki na gani na faɗa. Babana ya roƙe ta ta sayar da rabi ta bar rabi, ta ce masa yaro bai san wuta ba sai ya taka, wa zai so fili a wannan dajin?

"To ga dajin nan," in ji ta. "Kujerun ko shekara goma ba su yi ba. Kwanukan suna nan a ƙarƙashin gado, babu mai so. Yau kuɗin fuloti ɗaya a wajen nan ya isa ya kai ni Makka ya kai ki."

Wata mata da ke kusa da mu ta ce, "Allah sarki Hajiya, ai rabon kwaɗo ba ya hawa sama." Gwaggo ta yi murmushi ta ce, "Haka ne, amma wani rabon da hannunka kake miƙa shi."

A Karfi muka sayi dafaffiyar masara ta taga, zancen ya ɗan sake. Daga Kura zuwa Kadawa kuwa ido ya sha kallo, shinkafa ce kore shar hagu da dama, ga magudanan ruwa sun ratsa gonaki. Wannan duk albarkar madatsar ruwa ta Tiga ce, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. A Kwanar Gafan ake loda kwandunan tumatir a manyan motoci zuwa kudu, kuma tumatir ba ya jiran kowa, in hanya ta lalace ya kwana biyu a mota, manomi ne zai yi kuka.

Ta kuwa taɓa lalacewa, wannan kam da idona na gani ina ƙarama, ramuka kamar rijiyoyi. A ƙarshen 2017 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin Julius Berger aikin sabunta hanyar tun daga Abuja har Kano, kimanin kilomita 375, aka fara a 2018. Ɓangaren Kano zuwa Zariya mai kilomita 137 da na Zariya zuwa Kaduna an ƙaddamar da su a watan Mayu na 2023, daf da saukar Shugaba Buhari.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Da titi ya yi sumul, sai direbobi suka samu abin da suke so. Namu ma bayan Kwanar Dangora ya taka mota har tana rawa. Can muka hango wata yarinya da farantin gyaɗa a ka, ba za ta wuce shekara tara ba, ta haura shingen tsakiya za ta tsallaka. Ƙarar birki kawai na ji, duk muka kifa gaba muna innalillahi. Allah ya tsare, farantin ne ya tarwatse, ita ta tsaya a gefe tana kuka, wai za a dake ta a gida.

Gwaggo ta sa aka tsaya, ta kwance bakin zaninta ta biya kuɗin gyaɗar duka. Sannan ta juya ga direba ta ce, "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah. Ƙauyukan nan sun riga titin zuwa. Gidansu yana wancan hannu, makaranta da rijiya suna wannan, dole su tsallaka." Bai ce uffan ba, amma har muka wuce Tashar Yari bai sake wancan gudun ba.

Kafin azahar muna Kwangila. Da muka sauka na tambaye ta ko tana jin haushin hanyar nan. Ta ce, "Haushin me? Ta nan aka kawo jikata asibitin Malam Aminu Kano cikin dare tana naƙuda, da tsohuwar hanya ce da ban san yadda za a yi ba. Kaina nake jin haushi."

'Yan uwana mata, shawarata biyu ce. In Allah ya ba ki gadon fili, ko a ina yake, ki yi shawara da na gaba da ke kafin ki mayar da shi kayan ɗaki. Sannan iyayen da ke zaune a bakin titi, don Allah a daina tura ƙananan yara talla a tsakiyar motoci. Ita kuwa Gwaggo tun a gidan biki ta shiga adashi, ta ce fili za ta saya wa jikokinta, ko da a bayan Daka Tsalle ne.