Buhun Gyaɗa da Majinyaci

Duk lokacin da na ce masu zana asibiti su je su ɗauki darasi wurin masu tsara masana'anta, sai a yi mini kallon wanda bai san darajar ɗan Adam ba. To amma na yi shekaru ina aiki a wata masana'antar man gyaɗa, kuma abin da aka fara koya mini shi ne, duk ɗaukar buhu daga wani wuri zuwa wani asara ce, domin ɗaukar ba ta ƙara wa gyaɗa mai. Shi ya sa ake jera injin ɓara da na suya da na matsa kusa da juna, gyaɗa ta shiga ta wannan ƙofa, mai ya fita ta waccan.

Wannan lissafin da ake yi wa buhu, ba kasafai ake yi wa majinyaci shi ba. Lokacin da na kai gwaggota wani babban asibiti, mun yanki kati a bakin ƙofa, muka biya kuɗi a can ƙurya, muka dawo ganin likita, aka tura mu awon jini a wani gini dabam, can ma aka ce sai mun koma mun biya. Da ta gaji ta zauna a gindin dogon yaro, ta ce, "Ɗan nan, wai maganin ne da nisa, ko mu ne muka ɓata?" Ma'aikatan ba su gaza ba, ginin ne aka yi shi ɗaki bayan ɗaki, babu wanda ya bi sawun mai ciwo.

Wasu sun bi sawun. A 2002 shugabannin asibitin Virginia Mason da ke Siyatil a Amurka suka je Japan ganin tsarin kamfanin Toyota, inda Taiichi Ohno ya lissafa ɓarna iri bakwai, ciki har da jira da jigila da zirga-zirgar banza. Daga baya suka ɗauki zare suka bi hanyar mai ciwon daji a kan taswirar ginin, sai ga zare ya cukurkuɗe. Suka sake fasalin sashen, ya zama majinyaci yana ɗaki guda, ma'aikata ne ke zuwa wurinsa.

A Madurai ta Indiya kuma, Dakta Govindappa Venkataswamy ya buɗe asibitin ido na Aravind a 1976 da gado 11. Likitan da ke cire yanar ido yana da gadon tiyata biyu. Yana aiki a kan ɗaya, masu taimaka masa suna shirya mutum na gaba a ɗayan. Da yake likita ba ya zaman jira, kuɗin aiki ya sauka, har masu biya suna ɗauke nauyin marasa hali.

Darasi na biyu ya fi shafar mu 'yan Sahel. Mai gina masana'anta ya san wata rana za a sauya inji, don haka yakan ware tsakanin ginshiƙai, ya bi da bututu da wayoyi ta sama, ya sa bangon da za a iya cirewa. Mu ma ciwonmu yana da lokaci. Ƙarshen damina sashen yara kan cika da masu zazzaɓin cizon sauro, da bazara kuma sanƙarau, kamar annobar da ta auka wa Yamai a 2015. Tun wurin zane ya kamata a bar filin ƙara gadaje, a kai masa ruwa da wuta, ba sai an kwantar da yara uku a gado ɗaya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai akwai inda kwatancen ya tsaya. Buhu ba ya zuwa da dangi, majinyacinmu kuwa yana zuwa da mai dafa masa kunu, ta wanke masa tufafi, ta kwana a gefensa. Wanda ya zana asibiti bai tanadar mata inuwa da famfo da wurin girki ba, ya manta da rabin masu aikin jinya. Don haka roƙona ga masu zane shi ne, kafin a sa tubali ɗaya, su ƙirga takun mai ciwo, su haɗa da na mai jinyarsa.