Mabiyiya: Uwar da Muke Binnewa a Bayan Ɗaki

  

A nan Jabo, kamar sauran ƙasar Hausa, idan mace ta haihu hankalin tsofaffi ba ya kwanciya sai an ce uwa ta faɗo. Daga nan ungozoma ta wanke ta, a haƙa rami a bayan ɗaki a binne. Muna kiranta mabiyiya domin tana biyo bayan jariri, muna kuma kiranta uwa, Larabawa kuwa suna ce mata mashima. Aya ta 6 ta Suratuz Zumar ta ambaci halittar ɗan Adam cikin duffai uku, kuma Ibn Kasir ya kawo daga Ibn Abbas da Mujahid cewa duhun mashima na cikinsu, tare da duhun ciki da na mahaifa. Abin da Alƙur'ani ya yi nuni gare shi ya cancanci mu san aikinsa kafin mu tura masa ƙasa.

Da yawanmu mun san cewa ta hanyar mabiyiya da cibiya ɗan tayi ke samun abinci da iska. Abin da ba a cika sani ba shi ne, wannan tsoka da nauyinta bai wuce kimanin rabin kilo ba tana sarrafa sinadarai da likitoci ke kira homon, wato 'yan aike da ke bin jini suna isar da umarni ga gaɓoɓin uwa. Na farkonsu shi ne HCG, wanda ke fara fita 'yan kwanaki bayan ɗan tayi ya manne a mahaifa. Saƙonsa ga ma'ajiyar ƙwan mace shi ne ta ci gaba da fitar da furojestaron domin kada shimfiɗar mahaifa ta zube. Shi ne ke bayyana a fitsari har tsinken gwajin da ake saye a kyamis ya nuna layi biyu. A 1928 wasu likitoci biyu a Balin ta Jamus, Aschheim da Zondek, suka fitar da gwajin ciki da ya dogara da shi, sai dai su ɓeraye suke yi wa allurar fitsarin. Yawansa kan kai ƙololuwa wajen mako na 10, lokacin da laulayi ya fi tsanani ga mata da yawa.

A daidai wannan lokaci mabiyiya ke karɓar aikin samar da furojestaron da kanta. Shi ke kwantar da naman mahaifa don kada naƙuda ta taso kafin lokaci, yayin da istirojin ke faɗaɗa mahaifa, ya ƙara mata jini, ya shirya ƙirji. Akwai kuma laktojin na mabiyiya, wanda aka yi bayaninsa a 1962. Yana rage tasirin insulin a jikin uwa domin suga ya wadata ga ɗan tayi, kuma idan jikinta ya kasa daidaita lamarin sai ciwon suga na masu ciki ya kama ta. Don haka ake gwajin suga tsakanin mako na 24 da na 28. Da zarar mabiyiya ta faɗo, furojestaron ya sauka, sai nono ya zo sosai cikin kwana biyu zuwa uku. Kafin nan dakashi ne abincin jariri, kuma kariya ce gare shi daga cututtuka, kada a matse shi a zubar. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya sanya fitar wannan tsoka ta zama mabuɗin arzikin jinjiri.

Dalilin da ya sa na damu da wannan bayani shi ne ajin matan aure da nake karantarwa. Duk shekarar da muka kai babin haila da biƙi, sai an sami mai tambaya: "Malama, idan mai ciki ta ga jini, ta bar salla ko ta ci gaba?" A mazhabarmu ta Malikiyya mai ciki tana iya yin haila, alhali Hanafiyya da Hambaliyya suna ɗaukar jinin a matsayin na ciwo. Nakan ba da amsar fiƙihu yadda malamanmu suka karantar da mu, sannan in ƙara da cewa hukuncin salla daban, lafiyar mai sallar daban. Sinadaran mabiyiya sun riƙe shimfiɗar mahaifa, saboda haka jini ga mai ciki alama ce da ke neman bincike a ranar. Yana iya zama ɓari ne ke tahowa, ko mabiyiya ce ta zauna a bakin mahaifa, ko ta fara ɓallewa kafin haihuwa. Biyun ƙarshen nan suna iya halaka uwa da ɗa cikin 'yan sa'o'i.

Haka nan hawan jini na masu ciki, mai zuwa da kumburin fuska, da ciwon kai, da ganin dishi-dishi, har ya kai ga jijjiga, asalinsa daga mabiyiya yake. A ƙauyukanmu ana yawan danganta jijjiga da iska, a tsaya hayaƙi da tofi, alhali akwai allurar da ke tsayar da ita a asibiti. Addu'a makamin mumini ce, amma a yi ta a kan hanyar asibiti. Neman magani ba ya warware tawakkali, domin Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi umarni da shi.

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta gana da ma'aikatan lafiya aƙalla sau takwas. A 2013 kuma Jihar Sakkwato ta fara raba ƙwayar misoprostol ga masu haihuwa a gida don rage zubar jini, tare da maganin shafawa a cibiya. Duk da haka, idan an yi rabin sa'a da haihuwa uwa ba ta faɗo ba, kada a ja cibiya da ƙarfi, kada a zauna jiran jiƙo, a nufi asibiti. Ko guntunta ne ya maƙale yana iya jawo zubar jini da zazzaɓi, ya kuma jinkirta zuwan nono.

Ya ku magidanta, nauyin nan yana wuyanku. Ku ba iyalanku izinin zuwa awo tun ciki yana ƙarami, ku kuma bar izini a gida na cewa ko kun tafi cin rani ko kasuwa, a fita da ita idan an ga jini. Ku tanadi kuɗin mota tun kafin kuɗin ragon suna. Daga asibitin Jabo ana iya tura mace babban asibitin Tambuwal, daga can zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma ga 'yan uwanmu na ƙauyukan Kebbe tafiyar ta fi wuya da damina. Ku kuma iyayenmu da ungozomomi, ku duba mabiyiya da kyau kafin a binne, ku tabbatar ta fito cikakkiya.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu wurin haihuwa, ya saka wa iyayenmu mata da Aljanna. Allah ne mafi sani.