Agogon da aka ba ni gyara

Yau labarin agogo na kawo muku. Kada ku ce mi ya haɗa manomi da agogo. Ku bi ni har ƙarshe.

Ni mutumin ƙasar Tasawa ne. Tsohona yana da agogon hannu guda. Ya saye shi ga wani alhaji da ya komo daga Makka, zamanin da gujiya ke da kuɗi. Kowace safiya, bayan sallar asuba, sai ya zauna bakin zaure ya murɗa kan agogon. In ya gama, ya kara mini shi ga kunne. Ina jin ƙis-ƙis-ƙis, ina tsammani wani ƙwaro ne a ciki.

Shekarar 1984 damina ta ƙi. Hatsi bai yi ba. Cikin watan Afrilu na shekarar nan Najeriya ta rufe iyakarta. Ita ce yunwar da muke kira El Buhari. Awakinmu suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Da suka ƙare, tsohona ya kwance agogonsa. Tiya biyar ta hatsi aka ba shi. Bai yi ciniki ba, don bai san darajar abin da ke hannunsa ba. Akwai rubutu bisa fuskar agogon, amma gidanmu ba mai karanta shi. Ni dai na riƙe kamar harafin farko, mai tsini biyu suna kallon ƙasa. Sai da na shiga yaƙi da jahilci na san sunansa W.

Cikin 2019 na kai wake Maraɗi ranar wata Juma'a. Na saida, na shiga zagayen kasuwa. Sai ga wani mai tarkace ya baza kaya bisa tabarma: tsofaffin makullai, tocila, matattun salula, da wani kwano cike da agogo. Na duƙa ina motsa su. Sai na ga W. Na karanta a hankali: West End Watch Co. Gabana ya faɗi. Ba na tsohona ba ne, amma irinsa ne sak. Muka daidaita jika biyu. Na ce: "To, Malam, ina gyara?" Ya yi dariya, ya ɗauko wani daga gindin kwanon, ba maɗauri, gilashin duk ya dushe. Ya ce: "Tafi da wanga, yara su yi wasa."

Da na komo gida na yi wauta. Na ɓalle bayan West End da wuƙa. Na ga ƙura a ciki, na hura da baki. Na ɗiga masa man gujiya, wai kamar yadda ake yi wa amalanke. Ya yi tafiya kamar rabin awa, ya tsaya cak. Gyaran kuwa na jefa shi cikin gwangwani, ban taɓa shi ba.

Bayan wata guda na kai su duka biyu wurin wani tsoho mai gyaran agogo a Maraɗi. Yana da ɗan tebur mai gilashi, da madubi da yake maƙalawa ga ido ɗaya. Ya buɗe West End, ya shinshina, ya dube ni.

"Wa ya yi wa wanga miya?"

Na ce: "Ni ne, Baba. Ku yi haƙuri."

Ya ce: "Zauna, ɗana, ka gani da idonka."

Ya nuna mini cikinsa. Agogon irin wanga ba shi da pil. Akwai wani ƙarfe siriri mai faɗi, naɗe cikin ɗan gwangwani. In ka murɗa kan agogo, shi kake ɗaurewa. Yana warwarewa sannu-sannu, yana tura ƴan ƙafafu masu haƙora, har yini da kwana da ɗan kai. Sai wata ƴar ƙafa mai kai da komo, ita ce zuciyar agogon. Bisa kanta akwai ƙarfe siriri kamar gashi. Tsofaffin agogo da yawa suna bugawa sau 5 cikin daƙiƙa, wato sau 18,000 cikin awa ɗaya. Man da na zuba ya manne wannan gashin, zuciya ta kasa motsi. Man agogo dabam yake, kuma da bakin allura ake ɗora shi. Iskar baki ma tana da laima, laima kuwa ita ce uwar tsatsa.

Na ga wasu jajayen ɗigo, na tambaya ko lu'ulu'u ne. Ya ce duwatsu ne na yakutu, amma a masana'anta ake yin su, ba su da tsada. Aikinsu su hana ƙarfe ya ci ƙarfe. Shi ya sa ake rubuta 17 bisa fuskar agogo da yawa: yawan duwatsun ne.

Sannan ya ɗauki gyaran. Ya goge gilashin, ya buɗe bayansa. Ya yi shiru. Ya miƙo mini madubin ya ce: "Tunda ka yi karatu, karanta." Na karanta: Omega. Sunan yana bisa fuska, yana cikin marfin baya, yana bisa injin kansa, tare da wata doguwar lamba. Ya ce haka ake gane na gaske. Jabu sun cika kasuwa: suna mai girma a fuska, ciki kuwa tarkace. Da lambar nan ake sanin shekarar ƙira, kuma nawa na wajen 1966 ne. A ƙasar Suwis aka ƙera shi, kamar West End. Ya ce agogon wannan kamfani ne, wani samfurinsa, mutanen Amurka suka ɗaura da suka taka wata cikin 1969.

Na ce: "To, Baba, mi ya sa abu mai daraja haka ya ƙare cikin kwanon tarkace?" Ya ba ni tarihi. Ƙarshen 1969 kamfanin Seiko na Japon ya fito da agogon hannu na farko mai pil irin wanda ake kira kwas. Cikin ƴan shekaru masu pil suka yi araha, kuma sun fi riƙe lokaci daidai. Kowa ya ajiye na murɗawa. Masana'antu da yawa a Suwis suka rufe. Daga baya salula ta zo, ita ma tana nuna lokaci. Amma yau akwai masu kuɗi a manyan birane da ke neman tsofaffin nan.

Na ce a shafa masa sabon fenti ya yi kyau. Tsohon ya riƙe baki. Ya ce masu saye fuskar asali suke so, ko ta tsufa. In an sake fenti, kuɗin ya faɗi. Kuma kada a kankare ɗigon nan masu haske da dare. A agogon da suka girmi shekarun 1960, akwai wani sinadari mai guba a cikinsu, sunansa radiyom. Ƙurarsa tana cuta in an shaƙa.

Mako uku suka yi wurinsa. Ya warware su ɗai-ɗai, ya wanke, ya sa mai, ya sake gilashi. Na biya jika takwas. Ranar da na zo karɓa, wani mai babbar riga ya gani, ya taya Omega jika 15 nan take. Da a da ne, da na saki. Na ce a'a.

Daminar 2021 ba ta yi mana kyau ba. Kafin bazarar 2022 rumbuna ya yi ƙasa. Na koma wurin tsohon. Ya ɗauki hoton agogon da salula, ciki da waje, ya aika wa mutum uku masu saye. Muka bar su suka yi ta tayi. Na saida jika 95. Na ba tsohon ladarsa. Na nemi mai tarkacen nan na ba shi jika biyar, don zuciyata ba ta kwanta ba: ya ba ni ne bisa rashin sani. Sauran na sayi hatsi, ya kai mu har kaka. Ban taɓa akuya ko ɗaya ba. Tsohona tiya biyar ya samu. Bai fi ni rashin wayo ba. Karatu ne bai samu ba, da mai gaya masa gaskiya.

Amma ku ji da kyau. Kada wani ya kwashi kuɗin iri ya tafi farautar agogo. Na sake duba kwanoni da yawa tun daga ran nan, ban ƙara dacewa ba. Abin da nake cewa shi ne, in akwai tsohon agogo cikin adakar gidanku, ku kiyaye waɗannan:

Ku karanta abin da ke rubuce bisansa kafin ku saida. In ba ku iya ba, ku kai wa malamin karatun manya.

Kada ku buɗe shi da wuƙa, kada ku zuba masa man gujiya ko kalanzir.

In ya cije, kada ku murɗa da ƙarfi.

Ku kwance shi in za ku yi alwala, kuma ku nisanta shi da rediyo, don mayen ƙarfen da ke ciki yana rikita tafiyarsa.

Ku ji tayin mutum biyu ko uku kafin ku ce albarka ko ku sallama.

West End yana hannuna. Ba shi da tsada kamar wancan, kuma ba na saidawa ba ne. Kowace safiya ina murɗa shi bakin zaure. Jikata tana zuwa in kara mata shi ga kunne. Ita ta riga ta iya karanta sunan.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.