Inda Daɓen Jirgi Ya Lotsa

Mutumin Durba ya fi sanin garma da fartanya a kan jirgin ruwa. Sai dai tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, babban ruwa ya zama maƙwabcin ƙasar Rano da Kibiya, kamun kifi da fito suka shiga jerin sana'o'in da ɗan yankin zai iya nema idan an gama girbi. Yawancin jiragen irin wannan ruwa kwale-kwalen katako ne. Na faiba, idan ya iso, galibi ya riga ya ga duniya a hannun wani, kuma mai saye yakan ɗauka ya huta, tunda an ce masa faiba ba ta ruɓewa.

An gaya masa gaskiya, amma rabinta. Faiba zaren gilashi ce da aka jiƙa da wani ƙaro mai suna rezin, ta daskare ta zama ɓawo, kuma lallai ba ta ruɓewa. Daɓen da ake takawa kuwa, a yawancin tsofaffin jirage, katakon filawud ne aka lulluɓe da ita, an ɗora shi a kan haƙarƙarin da su ma sau da yawa katako ne a ciki. Duk ramin ƙusa da aka huda don kafa benci, duk tsagar da aka raina, ƙofa ce ga ruwa. Idan ya shiga ba shi da hanyar fita, domin ɓawon da aka yi don ya tare shi a waje shi ne ke tsare shi a ciki. Katakon ya yi shekaru yana ruɓewa, fenti na ta sheƙi a sama. Kyan ɗan maciji ke nan. Kwale-kwale ya fi shi riƙon amana ta wannan fuska: ruɓarsa a fili take, ido na gani, farce na shiga.

Saboda haka ranar da ƙafa ta ji wuri ya lotsa, ciwon ya daɗe. Mai gyaran kirki yakan fara da ƙwanƙwasa daɓen da ƙaramar guduma yana saurare. Wuri mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sautinsa a dishe yake. Kusan kullum iyakar da kunne ya gano ta zarce wadda ƙafa ta ji, kuma a nan gardama ke tashi tsakaninsa da mai jirgi, wanda ya zo da kuɗin faci kamar tafin hannu aka nuna masa aikin rabin tabarma.

Abin da aljihu ke so shi ne a shimfiɗa sabuwar faiba a kan wurin, yadda masu gyaran jikin mota ke liƙe bamba. Wannan gyaran gangar auzinawa ne, don ya ƙara rufe danshin kuma ya ɓoye alamar da ke gargaɗi. Aikin gaskiya yanka ne. A yanke fatar sama, ana kula kada zarto ya taɓa cikin jirgin, a kwashe ruɓaɓɓen katako har sai an tarar da busasshe mai haske, a duba haƙarƙarin, a taɓa soson da ke ƙarƙashi idan akwai. Soson nan an sa shi ne don ya hana jirgi nutsewa. Idan ya sha ruwa sai ya koma kayan da jirgin ke ɗauke da su tun fasinja bai hau ba. Wanda ya tuna kifewar jirgi a madatsar Watari ta Bagwai a Nuwamban 2021, inda aka rasa mutane da dama, cikinsu har ɗaliban Islamiyya, ba zai ɗauki maganar nauyi da wasa ba.

Daga nan sai haƙuri, a bar ramin ya bushe sarai. Hunturu ne lokacin wannan aiki, iskarsa na yin abin da masu jirage a ƙasashe masu danshi ke sayen na'ura don su samu. Bazara tana da tarko: rezin da aka haɗa da sinadarin daskarewa yakan sandare a cikin kwano kafin a gama shafawa, don haka ake haɗa shi kaɗan-kaɗan, a inuwa, da sassafe. Sabon katakon a shafe shi da rezin ciki da bai, musamman gefunansa, inda ya fi shan ruwa. A gurje bakin tsohuwar faiba ya zama gangare mai faɗi yadda sabuwa za ta sami wurin kamawa, a shimfiɗa ta hawa-hawa ana korar kumfar iska. Ƙurar gurzar tana sa ƙaiƙayi na kwanaki kuma ba ta yi wa huhu kirki, takunkumi da riga mai dogon hannu wajibi ne.

Idan an zo mayar da benci, kowane rami a faɗaɗa shi, a cika da rezin, a bari ya daskare, sannan a sake hudawa a tsakiyarsa, yadda ƙusar ba za ta taɓa katako ba.