Kwamfutar Gida In Ta Yi Nauyi



A yau a wasu gidajen da ke da ɗalibin sakandare ko ma'aikacin ofis akan tarar da kwamfuta, ko ta tebur ko ta tafi-da-gidanka. Mafi yawansu ba sababbi muka saye su ba. Sun yi aiki a ofisoshin Turai, sa'an nan suka shigo mana ta tashoshin jiragen ruwa irin na Kotonu da Lome. Bayan ƴan shekaru sai a ji koke iri ɗaya daga kowane gida: na'ura ta yi nauyi, a kunna ta a tafi a dafa shayi a dawo ba ta gama buɗewa ba. Daga nan sai maigida ya yanke hukunci cewa ta tsufa, a nemi wata. Muna so mu nuna cewa wannan hukunci yakan zo da wuri, domin sau da yawa ciwon ƙarami ne, kuma maganinsa yana cikin gida.

Domin a gane inda ciwon yake, ya kamata a san gaɓoɓi uku na na'urar. Na farko shi ne firosesa, wanda ke yin lissafi, kamar mai aikin kansa. Na biyu shi ne ƙwaƙwalwar aiki da ake kira RAM, misalinta tabarmar da mai aiki yake baza kayansa a kai, in ta yi ƙanƙanta sai ya riƙa ɗauke wannan domin ya ajiye wancan. Na uku shi ne faifan ajiya, wato rumbun da ake zuba komai a ciki, wanda ba ya mantawa ko an kashe wuta. Nauyin kwamfuta kusan kullum yana nufin ɗaya daga cikin ukun nan ya shiga matsi: ko mai aikin ya gaji da zafi, ko tabarmar ta cika, ko rumbun yana jinkirin fito da abin da aka nema.

Ta gidanmu ta kai wannan hali bayan shekaru da dama tana hidima. A cikinta akwai hotunan ɗaurin aure da suna na dangi, da takardun makarantar ƙannenmu, da hotunan rubuce-rubucen ajami na mahaifinmu waɗanda muka ɗauka shafi bayan shafi saboda takardun sun fara rududdugewa. Shi ya sa kafin mu taɓa komai muka kwafe waɗannan duka a wani faifai na waje, muka ajiye shi a akwati dabam. Wannan shi ne matakin farko ga kowa, domin nauyi wani lokaci alama ce ta faifan da ke gab da mutuwa. Duk wanda ya ji na'urarsa tana wani ƙas-ƙas daga ciki, ko ya ga takardu suna ƙin buɗewa, to ya bar duk wani gyara ya fara ceton kayansa. Na'ura ana sayen wata, amma hoton kaka da ta rasu ba a sayar da shi a kasuwa.

Bayan haka sai mu tambayi na'urar da kanta. A Windows, in aka danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc tare, wani allo zai fito wanda a na'urorinmu masu Faransanci ake kira Gestionnaire des tâches. A nan za a ga kashi nawa cikin ɗari kowace gaɓa take ɗauke da shi, da sunan manhajar da ke cin ƙarfin. A tamu mun tarar faifan ajiya yana tsaye a kan 100 na tsawon mintuna bayan kunnawa, alhali ba mu buɗe komai ba. A cikin wannan allo kuma akwai sashen Démarrage, inda aka jera manhajojin da ke tashi tare da na'ura ba tare da an kira su ba. Mun sami fiye da goma, yawancinsu yara ne suka saukar tare da wasanni. Muka hana su tashi, muka cire waɗanda ba mai amfani da su, kuma nan take aka ga sauƙi.

Na biye shi ne rage kaya a rumbu. Windows tana bukatar fili a faifai domin ta riƙa jibge abin da tabarma ta kasa ɗauka, saboda haka faifan da ya cika maƙil yana jawo nauyi. Ma'ajiyar Téléchargements a gidaje da yawa cike take da bidiyon da aka kwaso daga wayoyi, wani sau biyu wani sau uku. A zauna da iyali a tantance, a mayar da na ajiyewa faifan waje, a share sauran, a zubar da kwandon shara, sa'an nan a sa Nettoyage de disque ya kwashe tarkacen da na'ura ta tara da kanta. Yana da kyau a bar kamar kashi ɗaya cikin biyar na faifan babu komai. Haka kuma a rage yawan shafukan intanet da ake buɗewa lokaci guda, domin kowane shafi a Chrome ko Firefox yana da nasa rabo a tabarmar aiki.

Akwai kuma ciwon da ƙasarmu ta fi wasu fama da shi, wato ƙura da zafi. A lokacin hunturu ƙura tana shiga ko'ina, fankar na'ura tana zuƙo ta, har ta toshe ƴan ramukan da iska ke fita. In bazara ta zo, a watannin Afrilu da Mayu, zafi a Yamai da Maraɗi da Damagaram yakan wuce digiri 40. Firosesa kuwa an ƙera shi ne yadda in zafinsa ya doshi digiri 100 zai rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Mai gida sai ya ga nauyi, bai san na'urar kare kanta take yi ba. Alamarsa ita ce fanka ta riƙa kuka ba tsayawa, ƙasan na'ura ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Maganin shi ne a kashe ta, a cire ta daga wuta, a share ramukan da burushi mai laushi, a hura iska busasshiya. Kada a ɗora ta a katifa ko darduma ko cinya lokacin aiki, a sa ta a kan katako ko tebur, in an gama a rufe ta da ƙyalle. In ta shekara da yawa ba a buɗe ta ba, mai gyara zai iya sabunta man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen da ke janye zafi, domin yana bushewa.

Sai batun ƙwayoyin cuta. Babbar ƙofarsu a wajenmu ita ce kile, ɗan makullin ajiya da wasu ke kira filash, wanda ke yawo tsakanin shagon buga takardu da makaranta da gida. Da yawa daga cikinmu sun ga cutar nan da ke ɓoye takardu ta bar gajerun hanyoyi na bogi a madadinsu, da an danna sai ta yaɗu. Ƙofa ta biyu ita ce manhajojin sata da ake saukewa kyauta. Windows 10 da 11 suna zuwa da mai gadinsu, Microsoft Defender, kuma in ana sabunta shi ya wadatar ga aikin gida. Ɗora masu gadi biyu ko uku a na'ura ɗaya ba ya ƙara tsaro, sai dai su yi ta binciken juna na'ura ta ƙara nauyi. A kuma guji tallar da ke faɗowa a allo tana cewa na'urarka na da ɗaruruwan matsaloli, danna nan a gyara, domin galibi ita ce matsalar.

In an yi duk wannan nauyi bai tafi ba, to lokacin kashe ɗan kuɗi ya yi, amma ba kuɗin sabuwar na'ura ba. Tsohon faifai faranti ne mai juyawa sau 5400 ko 7200 a minti, da allura mai neman wurin da aka rubuta abu. Sabon nau'i da ake kira SSD ba shi da abin da ke motsi a ciki, yana karanta kusan megabait 500 a daƙiƙa, wato ninkin tsohon sau huɗu ko biyar, kuma ya fi jure girgiza. Da muka sa shi a tamu, muka kuma ƙara ƙwaƙwalwar aiki daga gigabait 4 zuwa 8, na'urar da ke shafe mintuna tana buɗewa ta koma buɗewa kafin mutum ya gyara zama. Tun daga lokacin kuma muka haɗa ta da ondilar, akwatin batir mai riƙe wuta na ƴan mintuna, saboda ɗaukewar wuta ba zato yana lalata abin da ake cikin rubutawa a faifai.

Akwai wani al'amari da ya kamata kowane magidanci ya sani. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP a 2014, da Windows 7 a Janairun 2020, da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, sai dai ya buɗe ƙarin wa'adin tsaro har Oktoba 2026 ga waɗanda suka yi rajista. Na'urar da aka daina toshe wa ɓaraka kamar gida ne da katangarsa ta zube. Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da firosesa na baya-bayan nan, abin da tsofaffin na'urori da yawa ba su da shi. Ga irin waɗannan akwai Linux Mint ko Lubuntu, waɗanda kyauta ne, ba su da nauyi, suna da Faransanci, kuma tare da LibreOffice sun isa rubutu da lissafi da binciken ɗalibi. Wannan ya fi a jefar da na'ura mai rai a juji. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki a 2022, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tabbatar an sarrafa yadda ya kamata.

Daga ƙarshe, ga wanda zai kai wa mai gyara, muna da nasiha biyu. Ta farko, wasu masu gyara hanyarsu mafi sauƙi ita ce share faifai ƙarƙaf su zuba sabuwar Windows. Wani maƙwabcinmu ya rasa kundin kammala karatun ƴarsa ta haka, sati biyu kafin ranar miƙawa. A faɗa wa mai gyara ƙarara cewa kada ya share komai sai da izini. Ta biyu, na'urar gida tana ɗauke da sirrin gida: hotunan iyali, takardun fili, lambobin asusu. A kwashe su tukuna, ko a zauna a wurin har a gama, kuma a zaɓi wanda aka san shi da riƙon amana ko da aikinsa ya fi tsada.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. A ware rana ɗaya a wata, a kira yaran gida su zauna kusa, a share ƙura, a duba abin da aka saukar, a kwafe sababbin hotuna da takardu. Yaron da ya ga yadda ake yi sau biyu, a na uku shi zai yi. Allah ya albarkaci abin da ke hannunmu, ya sa mu amfana da shi.